Yadda zaka daɗe a raye a Subnautica ba tare da yunwa, ƙishi ko Reaper sun gama da kai ba

Ranar da na fara buga wasan bidiyo na Subnautica, kafin awa biyu na mutu sau uku, kuma ba wani dodo ne ya kashe ni ba, kwaɗayi ne kawai. Sai in hango wani dutse a ƙasan kogo, iska ta kusa ƙarewa, in ce bari in ɗauko wannan ɗaya tukuna sai in hau sama, kafin in waiwayo allo ya yi baƙi. Haka wasan yake. Kamfanin Unknown Worlds ne ya fitar da shi cikakke a Janairun 2018, labarin kuma shi ne jirginku na sararin samaniya, Aurora, ya faɗo a wata duniya mai suna 4546B wadda kusan duk ruwa ce, kai kaɗai ka tsira a cikin wani ɗan akwati mai iyo, Lifepod 5. Babu taswira, babu bindigar kirki, babu mai ce maka je nan ko je can. Ga yadda nake bi yanzu in yi awanni masu yawa ban mutu ba, a tsarin Survival, wanda ake jin yunwa da ƙishi.

Abu na farko, ka gyara maganar iska kafin komai

Da farko numfashinka sakan 45 ne kacal. Ka tsaya a ruwa mara zurfi da ke kewaye da akwatinka, Safe Shallows, ka riƙa fasa ƙananan duwatsun da ke manne a jikin bango, su suke ba da taitaniyom da jan ƙarfe. Amma hanya mafi sauri ta samun taitaniyom ita ce tarkacen ƙarfen jirgi da ya warwatsu a ƙasa, guda ɗaya yana ba ka huɗu in ka sa shi a Fabricator, na'urar haɗa kaya da ke cikin akwatinka. Taitaniyom uku ya ishe ka haɗa tankin iska na farko, numfashi ya koma sakan 75. Daga baya in ka samu azurfa da gilashi ka ɗaga shi zuwa babban tanki, sakan 135, a nan ne wasan yake fara buɗewa.

Sai Scanner, na'urar da kake sikanin abu da ita don ka koyi haɗa shi, batir ɗaya da taitaniyom ɗaya. Shi batir ɗin kuma jan ƙarfe ɗaya ne da waɗannan lemar kwaɗin masu launin shunayya guda biyu, Acid Mushroom, sun cika ko'ina. Kar ka sare su da wuƙa, zasu fesa maka guba, da hannu ake tsinka. Daga nan ka leƙa dajin ciyayin nan dogaye, Kelp Forest, ka tsinko 'ya'yansu masu haske rawaya, da su ake yin roba, da robar kuma ake yin wuƙa da takalmin iyo.

Ka sa wa kanka doka: da zarar muryar gargaɗi ta wasan ta ce saura sakan 30, ka juya. Ba sai ta sake magana ba. Kuma ka sani in ka wuce zurfin mita 100 iska tana ƙarewa da sauri fiye da da, sai ka haɗa Rebreather ka sa a kai kafin wannan matsalar ta kau. In ka ga wani murjani mai kama da ƙwaƙwalwa yana fitar da kumfa, Brain Coral, ka tsaya a kansa, kumfar nan iska ce, ya cece ni ba sau ɗaya ba.

Na biyu, ci da sha na kwanakin farko

A cikin akwatinka akwai ruwa gora biyu da dunƙulen abinci biyu. Dunƙulen nan baya lalacewa, don haka ka ɓoye shi don ranar tafiya mai nisa, kar ka cinye shi a ranar farko don kawai ka ga layin yunwa ya ɗan sauka. Ka kama Peeper, kifin nan mai ƙaton ido, ka gasa. Ruwa kuma daga Bladderfish ake tacewa, wani kifi ne mai kama da balan-balan da baya iya gudu sosai, kowanne yana ba ka maki 20. Amma wannan wahala ce, kullum kana bin kifi kamar ɗan su. Dabara mafi kyau ita ce gishiri ɗaya da ɓallin murjani mai kama da bututu ɗaya, ka haɗa su su zama Bleach, shi kuma ya ba ka ruwa gora biyu, kowacce maki 30. Ka tara gishiri duk inda ka gan shi.

Gasasshen kifi yana ruɓewa in ya daɗe a jaka. In tafiya zaka yi, ka yi masa gishiri, kamar dai banda, ba zai lalace ba, sai dai yana ɗan ƙara ƙishi, to ka ƙara ruwa a guzuri.

Na uku, ka daina farauta ka koma noma

Nan ne ainihin maganar. Mutum ba zai daɗe a wasan nan ba muddin kullum rabin lokacinsa yana tafiya wajen neman abin da zai ci. Duk mutuwar banza da na yi, in na duba, yunwa ko ƙishi ne suka sa ni gaggawa. Maganin abin yana wani tsibiri mai shawagi a can kudu maso yamma, Floating Island. Da zarar ka haɗa Seaglide, injin nan na hannu da ke jan ka a ruwa, ka ɗauki ƙarin batir da ruwa ka nufi can.

A tsibirin akwai tsofaffin gidajen mutanen jirgin Degasi da suka riga ka faɗowa. Ka yi sikanin komai, babban ɗakin nan mai zagaye Multipurpose Room, kwamin shuka na ciki da na waje, tukwanen shuka, har kujera da tebur in kana so. Sannan ka ɗebi iri: Marblemelon, wata irin kankana ce, da dankalin da suke kira Chinese Potato, da 'ya'yan Lantern Tree, da ɓawon Bulbo Tree. Ka koma gida da sauri ka shuka don suma suna ruɓewa a jaka.

Ni kankanar nan na fi so saboda tana maganin yunwa da ƙishi a lokaci ɗaya. Sirrinta shi ne kar ka cinye duka. In sun nuna, ka sari ɗaya da wuƙa, zata ba ka iri huɗu, ka mayar ka shuka, ka ci sauran. Na taɓa dawowa daga doguwar tafiya a galabaice, na bi kwamin nan na cinye tas ban bar ko ɗaya ba, sai da na haɗiye ta ƙarshe na tuna babu iri, haka na sake ɗaukar hanya har tsibirin ina ta zagin kaina. Lantern Tree kuwa ba ta da wannan matsalar, itace ce, kana tsinkar 'ya'yanta kana ci tana nan. Kwami biyu a ɗaki ɗaya sun ishe ka har ƙarshen wasa. In ka samu injin tace ruwa, Water Filtration Machine, ka kafa shi, yana ba da manyan gorori masu maki 50 da gishiri a kai a kai, amma fa yana shan wuta kamar me, kar ka sa shi a gidan da sola ɗaya ke riƙe da shi.

Na huɗu, gida da wuta

Gidan farko ka gina shi kusa, a bakin iyakar Safe Shallows da wani yanki, yadda zaka samu kaya iri biyu ba tare da doguwar tafiya ba. A ruwa mara zurfi sola ta wadatar, uku ko huɗu, sai dai da dare bata caji kuma duk yadda ka ƙara zurfi ƙarfinta na raguwa. Abin da mutane ke mantawa shi ne in wuta ta ƙare a gidan ƙarƙashin ruwa, iska ma ta tsaya. Don haka ka haɗa da Bioreactor, kana zuba masa rarar kankana ko kifi yana ba ka wuta dare da rana. In kuma akwai rami mai aman zafi a kusa, Thermal Plant ya fi komai, ka kafa ka manta da shi.

Akwai lambar ƙarfin gini da ke fitowa duk sanda ka ƙara wani abu. Kowane ɗaki da kowace taga suna rage ta, in ta faɗi ƙasa da sifili bango zai tsage ruwa ya fara shigowa. Na san taga tana da kyau, kana zaune kana kallon kifi, amma ka fara sa harsashi a ƙasa da faifan ƙarfafa bango, wanda ake yi da lithiyom, kafin kwalliya. In ya riga ya tsage, ka ƙara ƙarfin tukuna sannan ka bi da Repair Tool kana liƙewa, in ba haka ba kana liƙe nan can na fashewa.

Lokoki kuma ka rubuta musu suna. Zaka raina wannan shawarar har ranar da kake neman azurfa ɗaya cikin loka goma sha biyu.

Na biyar, Beacon da batir

Tunda babu taswira, Beacon, alamar da kake jefawa ta riƙa nuna maka wurin daga nesa, shi ne idonka, jan ƙarfe ɗaya da taitaniyom ɗaya ne kawai. Kar ka fita ba biyu a jaka. Bakin kogo, tarkacen jirgin da baka gama bincikewa ba, wurin da ka ga ma'adini da yawa, ka jefa ka rubuta suna. Ni har wurin da na ji kukan dodo nake sa wa, in rubuta "kar ka zo nan". Batir da ya mutu kar ka yar, ka nemo cajar batir ka yi sikanin ta da wuri, kafin nan kuma matattun suna amfani wajen haɗa Power Cell, babban batir na abubuwan hawa.

Ka riƙa danna Save da hannunka. A kwamfuta wasan baya ajiye kansa, kuma mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama mun san zafin abin, na taɓa asarar ginin awa uku a haka, na zauna a duhu ina kallon bango.

Na shida, Aurora da maƙwabcinta

Bayan 'yan kwanaki injin Aurora zai fashe, tururin guba ya fara yaɗuwa. Ka ɗinka Radiation Suit, dalma biyu da saƙar ciyawa biyu, ka sa duka ukun, riga da hula da safar hannu. Ka tafi da Repair Tool, Laser Cutter, abin kashe gobara, da Propulsion Cannon don ture akwatunan da suka toshe hanya. In ka liƙe ɓarakar ɗakin injin, gubar zata janye a hankali, kuma a ciki zaka samu batura da abinci da guntayen Prawn Suit, abin hawa mai ƙafafu da ke tafiya a ƙasan teku.

Amma Reaper Leviathan, ƙaton dodon ruwa, yana yawo a wajen. In ka ji ƙararsa, ka ɗauka ya kusa. Ka bi ta gefen jirgin da ke fuskantar akwatinka, ka manne da jikinsa a saman ruwa har ka kai gaban da ya fashe, kar ka zagaya ta baya. Ba a faɗa da shi, ba riba, ko ka kashe shi babu abin da zai ba ka. In ya cafke Seamoth ɗinka, wato ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa, kuma kana da na'urar kariya ta Perimeter Defense, ka sakar masa lantarki zai sake ka, sai ka gudu ka gyara a wani wuri.

Na bakwai, sauka ƙasa a hankali

Kowane abin hawa yana da iyakarsa. Seamoth mita 200 ne, in ka ɗaga shi ya kai 300, 500, har 900. Cyclops, babban jirgin ƙarƙashin ruwa, yana farawa da 500, Prawn Suit da 900, duka biyun suna kaiwa 1700 a ƙarshe. In ka wuce iyaka jiki zai fara matsewa, to gara ka ajiye jirgin a sama kaɗan ka ƙarasa da iyo, kana dawowa kana shan iska a cikinsa.

Cyclops ka mayar da shi gida mai tafiya. Ka sa masa Fabricator, lokoki, tukwanen kankana, ƙarin Power Cell ko da shida, abin kashe gobara a sama da ƙasa. Kar ka riƙa tuƙa shi a gudu na ƙarshe, yana jawo dodanni da ƙara kuma injin na iya kamawa da wuta. In abu ya matso, ka kunna Silent Running ko ka kashe injin gaba ɗaya ka yi shiru, yawanci zai gaji ya tafi.

Kafin in shiga yankin aman wuta, ni sai na kafa ƙaramin sansani a Lost River, wajen ƙatuwar bishiyar nan mai haske shuɗi, kusan mita 900. Wurin lafiya lau yake, akwai ramukan zafi na Thermal Plant, nikel da farar wuta mai ƙyalli suna nan kusa a kogin. Ɗaki ɗaya, cajar Power Cell, kwami ɗaya, shi ke nan. Sai dai a hanya ka kula da koren ruwan da ke kwance a ƙasa, yana ƙona jiki in kana iyo, shuɗin na wajen bishiya ne bai da illa. Ka kula da wani dodo mai suna Warper ma, yana iya fizgo ka daga cikin Seamoth ko Prawn ya jefa ka a ruwa, don haka ko kana cikin abin hawa tankinka ya kasance a bayanka, da akwatin magani biyu a jaka. Kayan ginin sansanin kuwa tun daga sama zaka lodo su, taitaniyom da yawa, gilashi, lithiyom, maganaɗisu da Aerogel na Thermal Plant, da iri, don in ka sauka ka tarar ka manta abu ɗaya, komawa sama da Cyclops tafiya ce ta kusan rabin awa.