Kek ɗin lemo da ba ya ƙamshin lemo: inda ake kuskurewa

Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban mai lemo a bakin titi ta ga yadda yake yi. Ya ɗauki 'yar wuƙarsa, ya fere koren ɓawon nan siriri yana juya lemon a tafin hannu, ya yanke kansa ya miƙo miki ki tsotse. Ɓawon kuwa ya taru a ƙarƙashin tebur, da yamma akuya ta samu rabonta. To, a wajen mai gasa kek, abin da ya zubar ɗin nan shi ne lemon. Na daɗe ban gane haka ba, kuma yawancin kurakuran da nake gani a wajen 'yan'uwana masu kek da cincin a gida daga nan suke tasowa.

Ƙamshin lemun zaƙi a ɓawonsa na waje yake, cikin 'yan ƙananan ƙofofi masu ɗauke da mai. Shi ne man da muke fesa wa juna a ido muna yara. Ruwan lemon kuwa wajen kashi 88 cikin 100 ruwa ne zalla, sauran sukari ne da tsami da ɗan abin da ba a rasa ba. Idan ya shiga wuta, ɗan ƙamshin da ke cikinsa ya bi tururi ya tafi.

Kuskuren farko, kuma uwar sauran, shi ne matsa lemo biyar ko shida a tuttula a kwaɓi don "ya ji lemo sosai". Sai a fito da kek a ga tsakiyarsa ta lotsa, ƙasansa ya danƙare kamar alala, a ɗanɗana a ji ba lemo ba labarinsa. Gobe kuma a ƙara lemo biyu, ana zaton ƙaranci ne ya jawo. Gyaran shi ne ki koma ga ɓawo. Ga fulawa kofi biyu, wato kimanin giram 250, gogaggen ɓawon lemo biyu ya isa, ruwan kuma kada ya wuce rabin kofi. Ruwan lemon nan madadin madara ko ruwan da kika saba sakawa ne, ba ƙari a kansu ba. Idan kin saka rabin kofi na lemo, ki cire rabin kofi na madara.

Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. Kafin ki fara buga bota da sukari, ki zuba gogaggen ɓawon a kan sukarin, ki sa yatsu ki murtsuke su tare na minti ɗaya ko biyu, har sukarin ya ɗan jiƙe ya canza launi. Ƙwayoyin sukari suna farfasa ƙofofin nan, man ya fito, bota kuma ta riƙe shi har cikin wuta, domin mai da mai ne suke shiri. Wadda ta barbaɗa ɓawon a ƙarshe a kan fulawa za ta ji ƙamshi, amma ba kamar wannan ba. Haka ake yi wa cincin da donot da fanke. Ni tun da na koyi wannan na daina sayen filebon lemo na kwalba, wanda idan ya ɗan yi yawa sai kek ya riƙa warin maganin tari na yara.

Sai dai goga ɓawon ma da nasa ramin. A ƙarƙashin koren akwai farar fata mai kauri, ita ce gidan ɗaci. Mace ta ɗauki abin goga kuɓewa ta dirje lemon har sai ta ga tsoka, ta kwashe fari da kore ta zuba. Ki yi amfani da ɓangaren da ya fi ƙananan ƙofofi, ki goga sau ɗaya ko biyu ki juya, da kin ga fari ki matsa gaba. Kuma ki goga kafin ki yanka lemon. Wadda ta matse ruwa sannan ta dawo neman ɓawo, yatsunta za ta goge.

Na taɓa yin wanda ya fi wannan. Wata shekara aka ba ni aikin kek na suna, na ga wani bidiyo an jefa lemo sukutum a bilenda an markaɗa, na ce ai wannan ya fi sauƙi. Na jefa uku, da ɓawo da farar fata da 'ya'yan ciki. Gwangwani sittin na gasa, babu wanda ya ciwu. Ɗacin 'ya'yan lemo sukari ba ya ɓoye shi, sai dai ya raka shi. Daga baya na fahimci cewa masu yin kek da lemo sukutum a ƙasashen Gabas ta Tsakiya sukan dafa lemon cikin ruwa awa ɗaya zuwa biyu har ya yi laushi, su zubar da ruwan, su tsince 'ya'yan, sannan su markaɗa. Lemonmu na nan kuma ya cika 'ya'ya, don haka tsincewar ba wasa ba ce.

Wajen saye, kada launi ya ruɗe ki. Lemon da manyan motoci ke kawowa daga jihar Binuwai zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano yawanci kore ne ko kore-kore da ruwan ɗorawa, kuma ya nuna sarai. Lemo yana rikiɗa ya yi launin nan na hoto ne a wuraren da dare ke yin sanyi sosai. A ƙasashe masu zafi yakan nuna a ciki ya bar rigarsa kore. Ki ɗauka a hannu ki ji nauyi, mai nauyi shi ne mai ruwa. Ki karce ɓawon da farce ki shinshina. Wanda ya yamutse ya bushe, man ya riga ya tafi, a tsotse shi kawai. Wanda mai lemo ya riga ya fere kuwa ba naki ba ne yau. Ki wanke kowanne da ruwan ɗumi ki goge shi, musamman na waje mai sheƙi da ake sayarwa a manyan kantuna, domin sau da yawa ana shafa musu kaki don su daɗe.

Kuskure na gaba yana faruwa ne a kwano. A haɗa madara da ruwan lemo wuri guda, nan take a ga madarar ta tsinke ta yi gudaji. Abin da ruwan tsami ke yi wa madarar waken suya a wajen awara, shi lemo ke yi wa madarar shanu. A cikin kwaɓin kek wannan ba asara ba ce, fulawa za ta haɗe su. Amma ya fi kyau ki buga bota da sukari, ki saka ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki riƙa zuba fulawa kaɗan, ruwan lemo kaɗan, ki fara da fulawa ki ƙare da ita. Ƙwai da lemon kada su fito daga firij kai tsaye, sanyi yana daskarar da bota kwaɓi ya rarrabe. Inda abin yake zama asara shi ne kastad da duk wani abu na madara da ake sha. A nan ki bar ruwan lemo gaba ɗaya, ki jefa ɓawo a madarar tana kan wuta, ki tsame shi kafin ki dama.

Sai batun bekin hoda da bekin soda, waɗanda mata da yawa ke ɗauka abu ɗaya ne. Hoda tana zuwa da tsaminta a jikinta. Soda kuwa sai ta gamu da tsami take aiki, kuma ruwan lemo tsami ne. Ga fulawa kofi biyu da ruwan lemo rabin kofi, cokalin shayi ɗaya da rabi na hoda da rubu'in cokalin shayi na soda sun wadatar. Idan soda ta yi yawa kek zai yi duhu, ya riƙa ɗanɗanon sabulu, irin abin da kanwa ke yi idan ta zarce a miya. Da zarar soda ta haɗu da lemo kumfa ta fara tashi, don haka wuta ta riga ta yi zafi kafin ki gama kwaɓi. Kada ki kwaɓa sannan ki tafi hura gawayi.

Wutar ma sai an rage. Sukarin ruwan lemo ƙari ne a kan wanda kika auna, shi ya sa kek ɗin lemo ke saurin yin ja a waje ciki bai gasu ba. Mai obin ta tsaya tsakanin digiri 170 da 180, kada ta buɗe ƙofa kafin minti 25 idan babban kek ne. Mai tukunya da yashi ta bar yashin ya ɗauki zafi tukuna, ta rage garwashin ƙasa, ta ɗora kaɗan a kan murfi. Ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ya yi.

To ina za a kai sauran ruwan lemon? Ki zuba kofi ɗaya a tukunya da sukari babban cokali uku ko huɗu, ki dafa a wuta kaɗan har ya koma rabi ya ɗan yi danƙo. Kek yana fitowa ki sossoke shi da tsinke, ki riƙa ɗiga ruwan nan da cokali yana shanyewa. Nan ne ɗanɗanon lemo ke shiga, bayan an gama da wuta. Amma ki sani kek ɗin da ya sha wannan ba ya jure zafinmu. Idan babu firij, ko wutar lantarki ba tabbas, a cinye shi cikin kwana biyu. Kada kuma ki dafa ruwan a tukunyar dalma, tsami yana cin dalma, abin ya fito da duhu da ɗanɗanon ƙarfe. Ki nemi ta samira wadda ba ta ɓare ba, ko ta ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa.

A wajen zoɓo kuskuren iri biyu ne. Wasu su yayyanka lemo da ɓawonsa da komai su dafa tare da zoɓon, farar fatar ta saki ɗacinta. Wasu kuma su zuba ruwan yana tafasa, zafi ya lalata bitamin C ɗin da ake nema. Ki fere koren ɓawo kaɗai ki dafa da citta da kanumfari, ruwan lemon kuma sai zoɓo ya huce. Da azumi ma kada ki matse tun da hantsi don shan ruwa. Ruwan wasu nau'o'in lemo yakan yi ɗaci idan ya daɗe a ajiye, ga ƙamshi yana gudu. Bayan la'asar ya fi.

Kaza kuwa, awa biyu zuwa huɗu a cikin ruwan lemo da tafarnuwa da citta sun ishe ta. Idan ta kwana, tsami yana dafa bayan naman ya lalata shi. Ki tsane ta kafin ki ɗora a kan wayar gashi, in ba haka ba sukarin lemon zai ƙone tun ciki yana da jini. Ragowar ruwan jiƙon ki tafasa shi sosai, ki riƙa shafawa a mintunan ƙarshe.

Masu gwada jam na lemo sukan koka cewa ya ƙi kamawa. Sun zubar da 'ya'yan da farar fatar ne, alhali sinadarin da ke sa jam ya daskare a cikinsu ya fi yawa. A nan kaɗai suke da rana: ki ƙulle su a tsumma mai tsabta ki jefa a tukunya, ki matse ƙullin ki cire kafin ki zuba sukari. Jam yana kamawa a wajen digiri 105. Idan ba ki da ma'auni, ki ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, ki jira minti ɗaya ki tura da yatsa. Idan ya tattare ya yi, ki sauke.

Lokacin da lemo ya yi arha, daga ƙarshen damina zuwa hunturu, nakan fere koren ɓawon siriri in shanya a faifai a inuwa. Iskar hunturu tana busar da shi cikin 'yan kwanaki, rana kuwa ƙamshin take kwashewa. Idan ya bushe har yana karyewa sai in daka in tankaɗe, in zuba a kwalba mai murfi. Cokalin shayi ɗaya na wannan garin yana tsayawa a madadin babban cokali na ɗanye, a kek ko a shayi. Idan yaro ne za ki aika wajen mai lemo, ki ce masa a ba shi wanda ba a fere ba, don in bai faɗa ba fararre zai dawo miki da shi.