Yadda ake fita cin kifi da abokai a bakin tekun Akra

Duk wanda ya zo hutu Akra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu na zango ke cewa, sai ya nemi a kai shi bakin teku ya ci kifi. Fitar tana da daɗi, amma daɗinta da takaicinta duk ana yanke su ne tun kafin kifin ya hau wuta.

Fara da zaɓen rana. Masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce da suka gada. Kifin da za a gasa maka a ranar ya kwana a ƙanƙara, ko kuma karfasa ce da aka kawo daga tafkin Volta. Karfasa ba ta da laifi, da banku (tuwon masara da rogo mai tsami) ma ita ce sarauniya, sai dai ba kifin teku ba ce. In da hali a sa fitar tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwa ke sanyi kifi ya yawaita, amma a fara tambaya ko gwamnati ta rufe kamun kifi, don a shekarun nan takan yi hakan a wajen watan Yuli.

Sai wuri. Labadi ne mafi kusa da Nima da Maamobi, ana biyan kuɗin shiga, kuma Asabar da Lahadi akwai cunkoso, ga kiɗa ga masu dawakai. Kokrobite yana yamma, tafiyar kamar kilomita 30, za a hau turoturo, wato ƙaramar bas ta haya, daga Kaneshie a bi ta unguwar Mallam. Bojo kuwa sai an tsallaka da kwale-kwale. Ni dai in da baƙi ne nakan zaɓi Kokrobite, saboda a nan za ka ga jiragen masunta jere a kan yashi, ka ga kuma inda abincinka ya fito.

Tun a gida a yi karo-karo, a damƙa wa mutum ɗaya, ko a tura masa ta MoMo, wato kuɗin waya. Shi kaɗai zai yi magana da mai kifi. In kowa ya shiga nuna abin da ransa ke so, lissafi ya ɓace ke nan. A kuma tambayi kowa ko jikinsa na karɓar jatan lande da ƙaguwa, domin akwai waɗanda leɓensu ke kumbura ko numfashi ya sarƙe musu, kuma bakin teku ba wurin gwaji ba ne.

Idan an isa, kada a zauna a jira faranti. Tashi ka je wurin da kifin yake, ka ce, "Anti, bari in gani da idona." Duba idon kifin: ya kasance garau, a cike, ba wanda ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Ɗaga murfin da ke gefen kansa, cikin ya zama ja. Danna tsokar da yatsa, in ta dawo to lafiya, in yatsan ya bar rami ka wuce. Sabon kifi warin ruwan gishiri yake yi, ba ƙarnin da ke sa ka kau da kai ba. Ƙaguwa kuma mai motsi za ka zaɓa.

Kifi na hannunka, a nan za a yi ciniki. Nawa ne wannan ɗin? Da dokunu (tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye) ko banku a ciki, ko daban? Kujera da laima fa? Mun taɓa zuwa mu shida, wani yayanmu ya ce abin kunya ne a tsaya tambayar kuɗi gaban baƙi. Aka kawo jajayen kifi uku manya, muka ci har da suɗe yatsu. Da yaron ya zo da lissafi, sai ga kuɗin teburi, ga na barkono, har ruwan wanke hannu an saka. Yaya ya zare tabarau ya sake karantawa, ya dube mu, muka dubi teku. Kuɗin motar komawa ma sai da muka haɗa da ƙyar.

Abu na gaba shi ne wutar. Kifi da sauran abin da ke cikin teku halal ne a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, amma wasu masu gashi suna ɗora naman alade a kan waya ɗaya. Leƙa murhun, ka tambaya ba tare da jin nauyi ba. Ka roƙa a tsaga jikin kifin domin citta da tafarnuwa su shiga, a gasa a kan gawayi a hankali. Ya nuna idan tsokar ta yi fari har ƙashi kuma tana ɓarewa da sauƙi.

Wajen ci, a nemi barkono iri biyu: baƙin shito da aka soya da busasshen kifi, da kuma ɗanyen da aka niƙa da tumatir da albasa. A gargaɗi baƙo game da kpakpo shito, wannan ƙaramin koren, ƙamshinsa na yaudara. Da hannu ake ci, a gutsiri dokunu a dangwala, a bi kifin daga baya zuwa ciki ana zare ƙaya. Kan kifin na babba ne, a miƙa masa.

A riƙe tabarma da buta saboda la'asar. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya iya idon sawu, igiyar tekun Akra tana jan mutum ta ƙasa ba ya ankara. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka masu komawa daga Kokrobite su kama hanya tun biyar, kafin motocin Kasoa su toshe Mallam.