Yadda za ka gano inda 'yan wasa ke ɓata a gem ɗinka, ka kuma gyara musu hanya

Ƙorafin da ya fi yawan zuwa wa masu haɗa ƙananan gem na labari, irin wanda ɗan wasa ke ɗaukar jarumi ya yi ta yawo gari-gari yana cika aike, shi ne: "Ban san inda zan je ba." Na biyunsa kuma: "Ku sa mana kibiya mai nuna hanya." Na farkon gaskiya ne, ka karɓe shi hannu biyu. Na biyun shawara ce kawai, kuma sau da yawa ba ita ce maganin ba. Ɗan wasa ya san wurin da ya maƙale, amma da wuya ya san abin da ya maƙalar da shi. Gano wannan aikinka ne, kuma a farkon wasa ya fi muhimmanci: a Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, wanda bai cika awa 2 yana wasa ba zai iya neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 da saye.

Su wa za ka kira

Hanyar ita ce ka kira mutane su buga gem ɗin kana kallo, kuma mutum 5 sun isa a kowane zagayen gwaji. Jakob Nielsen, masani kan gwajin manhajoji, ya yi bayani tun shekarar 2000 cewa mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin amfani, kuma gara a yi ƙananan zagaye da yawa da a tara jama'a sau ɗaya. Sharaɗin shi ne kowa ya zama sabon ido. Wanda ya taɓa bin hanyar ya riga ya santa, ba zai sake ɓata ba, don haka ba ka da abin koya daga gare shi a wannan fanni.

A Jos ba a rasa mutane: ɗaliban jami'a da ke zaune Unguwar Rogo, da samarin gidajen gem da ba su san komai ba sai ƙwallo. Ka haɗa biyu da suka saba da irin wannan wasa da uku da ba su saba ba. Kada ka sa ƙanenka ko yaran unguwarku da ke jin nauyinka. Kara za su yi maka, su ce "Yaya, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira," ka tashi ba ka tsinci komai ba. In da hali, wani abokin aiki ya jagoranci zaman, kai ka koma gefe da takarda.

Zaman gwajin

Minti 30 zuwa 40 ga kowane mutum, ɗaya bayan ɗaya, domin in suka zauna tare mai ganewa zai ja sauran. Ka ɗauki bidiyon allo da OBS Studio a kwamfuta, ko da abin ɗaukar allo na cikin waya. Ka faɗa masa tun farko cewa gem ɗin ake gwadawa, ba shi ba. Daga nan ka kama bakinka. Wannan ne ya fi wuya, don za ka ga mutum ya wuce ƙofar sau huɗu, hannunka na ƙaiƙayi.

In ya tsaya cak, tambayoyi uku kaɗai aka yarje maka: "Yanzu me kake ƙoƙarin yi?", "Ina kake ganin za ka nufa?", "Me ya sa ka zaɓi nan?" In ya kai minti 5 bai ci gaba ba, rubuta lokacin da wurin, ba shi ɗan haske mafi ƙanƙanta, sannan ka rubuta ainihin kalmar da ta kuɓutar da shi. Wannan kalmar ce gem ɗinka ya gaza faɗa.

Ka kuma sa gem ɗin ya riƙa rubuta inda jarumi yake duk bayan daƙiƙa 5, da duk lokacin da aka buɗe taswira ko littafin aike, wato jerin ayyukan da aka ba jarumi. A Godot, manhajar haɗa gem, kayan aikinta biyu, Timer guda da FileAccess, sun isa a zuba wannan cikin fayil na CSV, wato fayil mai jera bayanai layi-layi. Ka bar fayil ɗin a kan na'urar, a turo maka ta WhatsApp daga baya, kada ka dogara da intanet. Idan ka ɗora wuraren da aka rubuta a matsayin ɗigogi a kan taswira, wurin da suka yi cincirindo ba yaƙi ba kasuwa, nan mutane ke kai-komo.

Ɓata iri-iri ce

Wani bai san abin da ake so ya yi ba sam. Yawanci ya danna ya wuce maganar da ke ɗauke da umarnin, domin an binne ta a tsakiyar dogon surutu. Maida umarnin layin ƙarshe, canza launin sunan wurin da na mutumin, ka kuma kwafe shi cikin littafin aike a jimla ɗaya mai fi'ili: "Kai wa maƙeri wasiƙa a Tsohuwar Kasuwa." Rubutu irin "Sirrin maƙeri" take ne, ba umarni ba.

Wani ya san aikin amma bai san wurin ba, kuma a nan mafi yawan aikin yake. Mu da alama muke kwatance: bayan masallaci, daura da mai shayi, ka sha kwana a gindin kuka. Mutanen cikin gem ɗinka ma haka ya kamata su yi, amma dole alamar ta zama guda ɗaya tilo. Masu amfani da RPG Maker, wata manhajar haɗa gem, sukan faɗa wannan rami: hoton bishiya ɗaya an manna shi sau ashirin a gari, sannan tsohuwa ta ce "gidan da ke kusa da bishiya." Zana wa wurin abin da babu irinsa, a kuma hango shi daga nesa. In ka ce "gabas", ka tabbata akwai alamar arewa a allo, don ba kowa ne ya ɗauka saman allo shi ne arewa ba. Sai sunaye: in mai gadi ya ce Tsohuwar Kasuwa, taswira kuma ta ce Kasuwar Dutse, ka ɓatar da mutum da hannunka. Hakan ya fi faruwa a gem mai Hausa da Ingilishi, inda aka gyara suna a ɗaya aka manta ɗayan. Ka duba ma ko salon haruffan da ka zaɓa yana da ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba akwatuna ne za su fito a tsakiyar sunan gari. An ce matambayi ba ya ɓata, to ka sa wanda ya ba da aiken ya maimaita kwatancen duk sa'ad da aka koma masa, maimakon ya ce "Ina jiranka" kawai.

Na uku ya iso wurin amma bai ga hanyar ba: ƙofa ta saje da bango, ko tsani ya yi kama da ado. Haske, bambancin launi, ko sawun ƙafa a ƙasa kan warware wannan. Gwada a ƙaramar waya irin itel ko Tecno da rana a waje, ba a babban allonka ba.

Na huɗu mantuwa ce. An ɗauke wuta, caji ya ƙare, ya dawo bayan kwana uku. Layi biyu a lokacin buɗe wasa, abin da ya yi na ƙarshe da abin da ke gabansa, sun wadatar. Don gwada wannan, tsayar da mutum a tsakiyar aike ka ce ya dawo jibi.

Maganar kibiya

Tsohuwar gardama ce. A cikin manyan gem, Morrowind na 2002 ya bar ɗan wasa da rubutaccen kwatance, Oblivion na 2006 ya zo da alamar da ke nuna inda za a je, Ghost of Tsushima na 2020 kuma ya sa iska ta riƙa kaɗawa wajen da aka nufa. Kibiya tana aiki, sai dai tana sa mutum ya daina kallon garin da ka sha wahalar zanawa. Abin da ya fi dacewa da ƙaramin gem shi ne taimako hawa-hawa: kwatance a littafi, sai da'ira mai faɗi a taswira in an nema, sai kibiya da ake kunnawa a saiti.

Abin da za ka gyara, da wanda za ka ajiye

In 3 cikin 5 sun maƙale a wuri ɗaya, gyara kafin komai. In mutum ɗaya ne, rubuta ka jira zagaye na gaba. Ka yi hattara da masu rubuto maka a itch.io, shafin ɗora ƙananan gem, ko dandalin hira na Discord: galibi su ne suka jure har suka yi nisa, su ne kuma za su ce gem ɗin ya yi sauƙi. Waɗanda suka ɓata a minti 10 na farko sun goge shi ba sallama. Duk wanda ya kawo ƙorafi, nemi sunan wurin, aiken da yake kai, da lambar sigar da yake bugawa.

A kowane wurin maƙalewa canza abu ɗaya tak, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Sannan ka nemo sababbin mutum 5, ka kwatanta mintocin da suka ɗauka daga karɓar aike zuwa isa wurin da na zagayen baya.