Yadda nake saita na'urar bin taurari a bayan garinmu

Daren farko da na fita da kyamara bayan ƙauyenmu kusa da Ringim don in ɗauki Kaza da 'Ya'yanta, taurarin duk sun fito da jela kamar talibamban. Na ɗora wa na'urar laifi, ashe saitina ne bai yi ba.

Sama tana juyawa digiri 15 kowace awa, kewaye da wani wuri guda a arewa. Na'urar bin taurari tana juya kyamara da wannan saurin, amma sai sandarta, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, ta kalli wurin nan daidai. Tauraron Arewa, wato Polaris, yana kusa da shi, amma ba a kansa yake ba, akwai ratar kusan kashi biyu cikin uku na digiri ɗaya. Shi ya sa ba a sa shi a tsakiyar ɗan madubin saiti da ake leƙawa a jikin na'urar, sai a gefen da'irar da ke ciki, a gurbin da manhajar waya ta nuna na wannan lokacin.

Tsayin tauraron daga ƙasa daidai yake da layin latitud da garinku yake a kai, wato nisansa daga layin tsakiyar duniya. Mu digiri 12 ne. Miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, to da kaɗan ya fi haka. Kuka ɗaya ko rumbu ya isa ya tare maka shi, don haka ka zaɓi wuri tun da la'asar. Wajen neman arewa, kada ka auna gabas da alƙiblar masallaci, don alƙibla a nan ta karkata arewa da fiye da digiri 20. Da rani bayan isha'i, nemi taurari biyar masu siffar M a sama ta arewa, Polaris yana ƙasansu, shi kaɗai ne mai ɗan haske a wajen.

Kafin komai, gyara ƙasa. Rairayi ne abokin gabana na ainihi. Ka saita tsaf, ka je ka sha shayi, ka dawo ƙafa ɗaya ta nutse. Yanzu bulo uku nake ɗauka, in binne su rabi, in take da ƙafa. Kuma ka ɗora kyamara da duk nauyinta kafin saitin ƙarshe, ba bayansa ba.

To wane irin daidaito ake bukata? Ya danganta da gilashin (lens) da ka ɗaura wa kyamara. Raba digiri gida 60, kowane gida minti ne, minti kuma sakan 60. Kuskuren minti 10 yana sa tauraro ya zame kusan sakan 2.6 a kowane minti na agogo. Da gilashin milimita 50, ƙwayar hoto ɗaya (pixel) a irin kyamarata tana cin kusan sakan 16 na sama, ko ka bar kyamara a buɗe minti biyu ba za ka ga komai ba. Da milimita 200 kuwa ƙwaya sakan 4 ce, nan jela take fara leƙowa. Ni dai a ganina, mai ƙaramin gilashi da ya ƙare darensa yana murɗa kusoshi wahalar banza yake sha.

Idan hazo ya rufe arewa, wanda a Janairu kusan kullum ne, sai a koma kallon zamewa. Zaɓi tauraro da ya kai tsakiyar tafiyarsa, kusa da layin da jerin taurari ukun nan na Orion suke bi, ka ƙara girman hoton, ka jira minti biyar. In ya zame kudu, sandarka ta yi gabas da yawa, in ya zame arewa, ta yi yamma. Sannan ka kama wani a gabas, ƙasa-ƙasa. In ya yi kudu, ɗaga sandar, in ya yi arewa, sauke ta. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa, a sake jira.

A nan ne yara suke taruwa. Ƙanena ya taɓa jingina da ƙafar na'urar yana cewa, "Yaya, wai me kake gani ne?" Aikin minti arba'in ya tafi. Tun ranar sai in ja layi a rairayi da sanda, in shimfiɗa musu tabarma a bayansa, in miƙa musu wayar suna kallon hotunan da suka riga suka fito.