Despite, in spite of da although: inda masu koyon Turanci suka fi tuntuɓe

A Hausa "duk da" tana ɗaukar duk abin da aka ɗora mata. Za ka ce "duk da ruwan sama ya fita", ka kuma ce "duk da ana ruwa ya fita", babu mai ce maka ka yi kuskure. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu, kuma yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Despite da in spite of abin da suke nema a bayansu shi ne suna, ko wakilin suna, ko aikatau mai ƙarewa da -ing. Although, though da even though kuma cikakkiyar jimla suke so, wadda ke da mai aiki da aikatau. Wanda bai riƙe wannan ba shi zai rubuta "Despite he was sick, he went to school". Ana gyara ta ta hanya uku: "Although he was sick", ko "Despite his illness", ko "Despite being sick". Dabarar tantancewa mai sauƙi ce: duba abin da ya biyo bayan kalmar, in ka ga he, she, it ko they tare da aikatau, to wurin although ne.

Sai haɗa although da but a jimla ɗaya. Mu a wurinmu "duk da cewa yana da kuɗi, amma marowaci ne" magana ce daidai, shi ya sa ɗalibi kan rubuta "Although he is rich, but he is stingy" bai ji ta yi masa wani iri a kunne ba. Turanci bai yarda da biyun tare ba. Ko dai "Although he is rich, he is stingy", ko "He is rich, but he is stingy". Wannan ya cancanci a yi ta maimaita shi kafin WAEC ko NECO, domin kuskure ne da ke fitowa fili a rubutun insha'i.

Babu "despite of". Of ɗin na in spite of ne kaɗai, kuma kalmomi uku ne a rarrabe, ba a rubuta "inspite".

In har sai ka kawo jimla bayan despite, sai ka sa the fact that a tsakani: "Despite the fact that she came late, she finished first". "Despite that she came late" kuwa, a guje ta, ko da ana jin ta a bakin mutane. Gaskiya ma although ta fi, tunda kalma ɗaya ta ɗauke aikin huɗu.

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka yi nisa. Idan ka fara da despite da aikatau mai -ing, wanda ya yi wannan aikin shi ne dole ya zo bayan waƙafi. "Despite working all night, the report was not finished" tana nufin rahoton ne ya kwana yana aiki. Sai a dawo da mutumin: "Despite working all night, Amina did not finish the report". In kuma masu aikin biyu ne daban, kada ka wahalar da kanka, koma wa although: "Although Amina worked all night, the report was not finished".

Even though da even if ma ba ɗaya ba ne. Ta farko ga abin da ya tabbata take: "Even though it rained, we travelled", an yi ruwan, an kuma yi tafiyar. Ta biyu daidai take da "ko da": "Even if it rains, we will travel", ruwan bai zo ba tukuna, ƙila ma ba zai zo ba. Even ita kaɗai ba ta haɗa jimla, don haka "Even he is tired, he will come" sai an ƙara mata though ko if, gwargwadon ko gajiyar ta tabbata ko zato ake yi.