Darasi na 9: Kula da Hannun da Aka Sa wa Matallafi

Sannunku da zuwa. Ku ajiye fensir tukuna, kowa ya miƙo hannunsa na dama ya dube shi da kyau. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27, kuma manyan jijiyoyi 3 ne suke kawo wa hannu ji da motsi. Idan mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko ya ƙone, ko jijiya ta yanke, yatsunsa sukan lanƙwashe su ƙage. A babban asibiti, irin Barau Dikko nan Kaduna ko na Shika a Zariya, za a fara auna hannun. Ma'aikacin zai duba kumburi, ya ce majinyaci ya matse masa hannu, ya haɗa babban yatsa da ƙaramin, ya ɗauki ƙwandala daga kan tebur, ya rufe ido a taɓa shi ya faɗi inda ya ji. Daga nan sai a yi masa matallafi, wato roba mai tauri da ake tausasawa a ruwan zafi, a gyara ta daidai hannunsa, a ɗaure da maɗauri. A asibiti za ku ji ana ce masa siflin.

Aikinku, ku masu jinya, yana farawa ne bayan an dawo gida.

Mataki na 1: Gwajin farce

Wannan shi ne uwar darasin. Idan maɗauri ya matse da yawa, jini ba zai isa yatsu ba.

Ka kama farcen majinyaci. Ka danna har ya yi fari. Ka saki. Ka ƙirga a hankali: ɗaya, biyu. In launinsa ya dawo kafin ka gama faɗin biyu, jini yana tafiya. In bai dawo ba, ka sassauta maɗauri.

Mu sake. Danna. Ya yi fari? Saki. Ɗaya, biyu.

Na lura da yawa daga cikinku kuna dannawa amma ba ku saki, kuna ta ƙirga yatsa yana hannunku. Ba laifi, haka kowa yake farawa. Ƙirgar tana zuwa ne bayan an saki. Danna, saki, sannan ƙirga. Iya, ke da kike layin gaba, gwada a farcenki. Yauwa, madalla. Kin ga ya yi fari ya koma ja? To haka ake so.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta tambaya, in farcen yana da lalle fa? Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Sai ki juya yatsan, ki danna tsokar cikinsa maimakon farcen. Haka kuma da safiyar hunturu hannu yana sanyi, launin yakan yi jinkirin dawowa. Ki ɗumama hannun cikin tafinki, sannan ki sake gwadawa. Ki gwada hannu mai lafiya ma, ki kwatanta su.

Sau ɗaya kuma: danna, saki, ɗaya, biyu. Duk yatsu biyar, ba guda ɗaya ba.

Yanzu zan faɗa muku magana, kada ku ji haushi. Makon jiya na tambayi masu jinya a gida, wa ya yi gwajin nan? Hannu uku kawai na gani a sama. Haba jama'a! Daƙiƙa biyu ce ta gagare ku? Duk mun san yaran da aka yi wa ɗauri ya matse, yatsu suka kumbura suka yi baƙi, ana cewa a yi haƙuri ɗauri ne ke kamawa, har aka kai ga yanke hannu. Mai shanyewar jiki wani lokaci ba ya jin zafin, ba zai gaya muku ba. Ku ne idonsa. In yatsu sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, ku sassauta maɗauri nan take. In bai gyaru ba, asibiti, ko da tsakar dare ne.

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau biyar-biyar: farce, danna, saki, kumburi.

Mataki na 2: Duba fata

Ka cire matallafi ka duba inda ƙashi ya turo, musamman gefen wuyan hannu. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai ka nemi wurin da ya ƙara duhu ko yake da zafi. In shaidar ba ta ɓace ba bayan minti 20, ka mayar da matallafin asibiti a gyara. Kada ka yanke shi da reza. Bayan ka mayar da maɗauri, ka sake gwajin farce.

Mataki na 3: Wankewa

Ruwan sanyi da sabulu. Ban da ruwan zafi, ban da shanya a rana ko kusa da murhu, domin zafi yana lanƙwasa shi.

Mataki na 4: Lokacin sakawa

Ku bi awowin da aka rubuta muku a kati. Ku zo da katin ranar Laraba mu karanta tare.