Kafin ka tafi kurmi: yadda za ka kare kanka da iyalinka daga shawara

Ɗan'uwa, in kana shirin tafiya kurmi, ko aikin gonar koko ne ko fataucin goro, ka fara da allurar rigakafin shawara, wato zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa (yellow fever). Ka yi ta aƙalla kwana 10 kafin ka hau mota, don sai bayan nan take fara aiki a jiki. Sau ɗaya ake yin ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta isa har ƙarshen rayuwa. Katin nan ruwan ɗorawa da za a ba ka, ka adana shi, ana tambayarsa a kan iyaka. Mai juna biyu, da jaririn da bai kai wata 9 ba, da wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai, da mai raunin garkuwar jiki, su fara ganin likita.

Asalin cutar tana yawo ne tsakanin birai a saman bishiyoyi. Sauron daji irin su Aedes africanus, mai yin ƙwai a ruwan da ya kwanta cikin kogon bishiya, shi ke kai ta daga biri zuwa biri, wani lokaci ya haɗa da mutum. Kuma ba kudu kaɗai ba, ɓarkewar da aka yi a Bauchi a 2019 an danganta ta da dajin Yankari. Don haka a daji ka sa riga mai dogon hannu, ka shafa maganin sauro, musamman da almuru.

Abin da ya fi damuna shi ne dawowa gida. Akwai wani sauro, Aedes aegypti, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu. Na cikin daji ya fi son jinin dabbobi, amma wani reshensa ya koma son warin mutum, kuma gadon wannan hali yake yi. Binciken masanan Jami'ar Princeton na 2020, a wurare 27 na Afirka, ya nuna wannan hali ya fi ƙarfi a yankin Sahel, inda rani ke da tsawo, sauro ba shi da wurin ƙwai sai ruwan da muka tara. Wato randarmu ce ta raine shi. Da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba ya isa. In ya ciji mai ɗauke da cutar, sai ya raba wa unguwa.

Saboda haka kowane mako a juye randa da duro, a goge cikinsu da soso sosai, musamman daidai layin da ruwa ke tsayawa. A nan yake manna ƙwansa, 'yan baƙaƙen ɗigo, kuma suna iya yin watanni a bushe ba su mutu ba. Ɗauraya kawai ba ta cire su. A rufe da murfi mai kamawa. Tsohuwar taya a huda ta, gwangwani a kife shi, kaskon ruwan kaji a riƙa sauya masa ruwa.

Cutar kan bayyana kwana 3 zuwa 6 bayan cizon sauro. In zazzaɓi ya kama ka bayan fitowa daga daji, ka je asibiti, ka faɗa musu inda ka fito. Kada ka sha asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Ko ka ji sauƙi na kwana ɗaya kada ka saki jiki, domin a wasu mutane bayan wannan lafawar ne ido ke komawa rawaya. Ka kwanta cikin gidan sauro dare da rana, kada sauron gida ya ɗauka ya kai wa yaranka.